Makarantar "Intanashinal": Abin da Na Gani da Abin da Na Biya

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ajin 2006 ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya, a babban ɗakin taro na makaranta





Ran da Sakataren ƙungiya ya bugo mini waya ya ce ni zan yi magana a kan yadda ake zaɓar wa yaro makarantar ƙasa-da-ƙasa, wadda muka fi sani da "intanashinal", sai na ce masa ya yi makuwa. Ni ba fannin ilmi na karanta a jami'a ba, ban taɓa riƙe alli ba sai a shekarar bautar ƙasa, aikina kuwa bai wuce tura fayil daga wannan tebur zuwa wancan ba. Sai ya yi dariya ya ce, "Ai ba don saninka muka zaɓe ka ba, don kai ne ka taɓa ƙonewa." To, da wannan sharaɗi na karɓa. Ina kuma roƙon malamanmu, Allah ya gafarta muku, in na yi tuntuɓe a gyara mini da baki kawai, an dai wuce zamanin bulala.

Labarina ya fara a 2021, sa'ad da aka yi mini canjin wurin aiki zuwa hedkwata a Abuja, ɗana na fari yana da shekara 5. Duk wanda ya yi aiki a can ya san hirar ofis ba ta wuce abu uku: ƙarin girma, kuɗin haya, da makarantar yara. Sai ka ji wani wanda matakinku ɗaya yana ambaton sunan makarantar 'ya'yansa kamar mai ambaton sarautar gidansu. Kullum na ji haka sai in ga kamar na ci amanar yarona. Uwargida ita ma tana ganin 'ya'yan maƙwabta kowace safiya, ga kwat ga laktaye, ana kwasarsu a mota mai sanyi. Ba na ɗora mata laifi, domin ni na sa hannu.

Muka je wata makaranta ran Asabar. Ga ƙofa, ga furanni, ga tutocin ƙasashe jere suna kaɗawa. Wata baiwar Allah ta tarbe mu da Turanci ta hanci, ta zagaya da mu ɗakin kwamfuta da wurin ninƙaya, ta miƙo mana wani littafi mai sheƙi cike da hotunan yara suna murmushi. Jama'a, ni da ba na barin fayil ya wuce tebur ɗina sai na duba shi sau uku, tambaya biyu kaɗai na yi a wurin nan: nawa ne, kuma ana iya biya kashi biyu? Kuɗin zango ɗaya ya cinye albashina na wata huɗu. Na ci bashi a asusun taimakon juna na ma'aikata, daga baya na sayar da ɗan filin da na saya a garinmu. Na dawo gida ina jin na yi abin kirki.

Zan dawo kan yadda ta kaya. Amma bari tukuna in faɗi abin da ya kamata a ce na sani kafin wannan Asabar ɗin.

Asalin irin waɗannan makarantu ba don gasa aka kafa su ba, don lalura ne. A 1924 aka buɗe makarantar ƙasa-da-ƙasa ta birnin Janiba a Suwizalan, saboda 'ya'yan ma'aikatan Majalisar Ƙasashe ta wancan zamani, waɗanda iyayensu suka fito daga ƙasashe dabam-dabam. Matsalarsu ita ce yaro yana nan bana, baɗi an mai da ubansa wata ƙasa, ana bukatar karatun da zai ɗora duk inda ya sauka. A nan gida ma haka abin ya faro. Makarantar Hillcrest ta Jos, 'yan mishan suka kafa ta a 1942 don 'ya'yansu. Makarantar Amurka ta Legas ta fara a 1964, ta Abuja kuwa a 1993, wato jim kaɗan bayan gwamnati ta taso daga Legas a ƙarshen 1991, ofisoshin jakadanci suka fara biyo ta. Saboda haka tambayar farko da uba zai yi wa kansa ita ce: shin ɗana zai yi irin wannan yawo? Wanda yake aiki a Ma'aikatar Harkokin Waje, ko wata ƙungiya ta duniya, amsarsa dabam. Ni kuwa iyakar canjin da za a yi mini daga Abuja zuwa Lakwaja ne ko Dutse.

Yau in ka duba da kyau, abu uku ne ke amsa wannan suna. Akwai na ainihi, irin waɗanda na ambata, masu manhajar waje, da malamai da ɗalibai daga ƙasashe da yawa, da hukumomin waje masu zuwa duba su. A 'yan shekarun nan ma wasu tsofaffin makarantun Ingila sun fara buɗe rassa a nan, kamar Charterhouse da ta buɗe a Legas a 2024, wadda kuɗin da jaridu suka ruwaito nata ya sa ƙasa ta ɗauki surutu. Akwai na tsakiya, makarantun 'yan ƙasa masu haɗa manhajar Nijeriya da ta Ingila, wasunsu kuwa suna aiki tsakani da Allah. Sa'an nan akwai na uku, waɗanda suka fi yawa, inda kalmar ba ta wuce allon bakin ƙofa ba. Kun san su, har a lungunanmu: gida mai ɗaki huɗu, an yi masa fenti, an rubuta "intanashinal". Hausawa suka ce kama da wane ba ta wane. Abin baƙin ciki, irin na ukun nan akwai masu manyan gine-gine, su ne kuma suka fi wuyar ganewa.

Sai maganar manhaja, inda mafi yawanmu muke gyaɗa kai kawai don kada a ce ba mu waye ba. Wadda ta fi yawa a nan ita ce ta Ingila. A tsarinta yaro kan yi jarrabawar IGCSE a ƙarshen aji na 11, yana wajen shekara 16. Ku lura da wannan, domin namu tsarin na 6-3-3-4 shekara 12 ne kafin WAEC ko NECO. Wato mai IGCSE ya gama da shekara guda kafin ɗan aji uku na babbar sakandare, amma bai gama sakandare ba a idon Turawan da suka tsara abin. Saura shekara biyu na A Level, inda zai taƙaita a kan darussa uku ko huɗu, su ne kuma jami'o'in Ingila suke dubawa. In babu su, sai an biya wa yaro shekarar share fage a can, da fam na Ingila. Iyaye da yawa ba sa jin wannan bayani sai yaro ya gama aji na 11, an yi walima, an ɗauki hotuna.

Ta Amurka aji 12 ce, a ƙarshe makaranta ta ba da takardar shaidarta, wadda darajarta ta dogara ga hukumar da ta tantance makarantar. Yara kuma sukan ƙara da jarrabawa irin su SAT don neman jami'a. Ta uku ita ce IB, wadda aka kafa a Janiba a 1968, ita ce kuma ta fi ba ni sha'awa a kan batunmu na yau. A shekaru biyun ƙarshe ɗalibi kan ɗauki darussa shida daga fannoni dabam-dabam, ba ya iya gudun lissafi don yana son adabi, ba ya iya gudun harshe don yana son kimiyya. Dole ya rubuta bincike na kansa mai kalmomi har 4,000. Dole ya yi wani darasi a kan yadda ɗan Adam ke sanin abin da ya ce ya sani. Dole kuma ya nuna ya yi aikin fasaha, ya motsa jiki, ya yi wa jama'a hidima, in ba haka ba ba shi da takarda ko da ya ci maki 45 ɗin da ake da su duka. Makarantun da ke da izinin koyar da ita a ƙasar nan ba su da yawa, kuɗinsu kuma ba na mai albashi ba ne.

Duk wanda aka nuna wa ɗaya daga cikin sunayen nan, ya sani ana iya bincikawa. Hukumar Cambridge tana da jerin makarantun da ta yi wa rajista a shafinta na intanet, hukumar IB ma haka. Akwai kuma ƙungiyoyin tantancewa irin su CIS da COBIS, su ma suna wallafa sunayen nasu. Aikin minti biyar ne a wayar hannu. Sai a haɗa da tambayar takardar amincewar gwamnatin jiha ko ta hukumar Babban Birnin Tarayya. Sa'an nan a yi tambayar da muke jin kunyar yi: in Allah bai hore mini kai yaron nan waje ba, makarantarku tana shirya shi don WAEC da JAMB? Domin komai Turancinsa, in zai shiga Ahmadu Bello ko Bayero, ta ƙofar JAMB zai bi, da kiredit biyar har da Turanci, kamar ɗan kowa.

Yanzu bari in zo kan abin da Sakatare ya jaddada mini, wato cikakken ilmi, wanda ba a aji kaɗai ya tsaya ba. Kowace makarantar kuɗi tana da wannan alkawari a littafinta mai sheƙi. Da na zauna ina tunanin ma'anarsa, sai na ga ashe ni na san shi, a harabar nan na ci shi, ban dai san sunansa ba ne.

'Yan uwa, ku tuna ranarmu guda a nan. Ƙararrawar asuba, salla, shara, wanka da ruwan da ka ɗebo da kanka. Taron safe a jere, a duba farce da aski. Aji har azahar. Da la'asar kowa ya fita fili, mai so da marar so, domin malamin wasanni ba ya karɓar uzuri sai da takardar asibiti. Da dare karatun firef. Ran Asabar duba ɗakunan kwana, a sa farin ƙyalle a shafa taga. Akwai ranar muhawara da kacici-kacici, akwai 'yan wasan kwaikwayo, akwai sikawut da 'yan agaji, akwai kunyar da aka ba kowa a gonar makaranta. Gasar gidaje kuwa, wasunmu har yau ba su yafe wa juna ba. Ba na cewa aljanna ce. Mun ci gabza, mun sha kwaki, wasu siniyoyi sun zalunce mu, suna nan zaune yanzu suna sunkuyar da kai, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ɗakin gwaje-gwajenmu ma rabin kwalabensa babu komai ciki. Amma a nan na fara tsayawa gaban mutum ɗari biyar in yi magana, a nan na koyi shan kaye ba tare da kuka ba, a nan na kwana ɗaki ɗaya da ɗan sarki da ɗan manomi da ɗan wanda ba addininmu ɗaya ba, a nan aka ba ni riƙon yara arba'in ina ɗan shekara 17. Abin da na fi amfani da shi a ofis yau ke nan, ba abin da na haddace don jarrabawa ba.

Wannan kuwa tsohon abu ne a ƙasar nan. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 da Hausa ake karatu a cikinta, kuma tana da sashen sana'o'in hannu. Kwalejin Katsina, wadda ta zama Barewa, ta haɗa karatu da wasanni tun farkonta, har wasan nan na buga ƙwallo da tafin hannu a jikin bango ya zama namu a Arewa. Kafin su duka, almajirin da ya tashi gaban malaminsa yana karatu, yana noma, yana koyon ɗinki ko yankan farce, yana koyon yadda ake zama gaban manya. Ashe abin da ake sayar mana da dala, da sauransa a gida.

To yaya uba zai gane ko makaranta tana da shi da gaske? Abin da na koya shi ne, zuwa da kai ya fi aike, amma ba ran Asabar ba, ba kuma ranar da suka gayyace ka ba. Ka je ran Talata da hantsi, ana tsakiyar karatu. Ka roƙi jadawalin mako na ajin da ɗanka zai shiga, domin jadawali ba ya ƙarya kamar littafin talla. In an ce ana wasanni, sau nawa a mako, minti nawa, kowa da kowa ne ko 'yan ƙungiyar makaranta kaɗai? In an ce ana koyar da zane ko kiɗa ko noma, ina malamin, ina ɗakin, ina abin da yaran suka yi da hannunsu? Ka dubi fili: wanda ake wasa a kansa ciyawar gaban raga a murje take. Ka shiga laburare ka zaro littafi, ka ga ko an taɓa buɗe shi. Ka ce a nuna maka littafin aikin wani yaro, ba na mai ɗaukar na ɗaya ba, ka ga ko malami yana gyara da jan biro yana yin bayani, ko dai alama kawai yake yi ya wuce. Ka leƙa bayan gida na yara, ba na baƙi ba. Ka tsaya lokacin tara ka saurara; makarantar da yara ba sa hayaniya a lokacin hutu, akwai abin da ke damunta.

Amma in an ce in zaɓi tambaya ɗaya tak, ita ce: malaman nan shekara nawa suka yi a nan? A shekararsa ta biyu, ɗana ya ga malaman aji uku. Kowane ya zo da salonsa, kafin ya san sunayen yara ya tafi. Da na matsa da bincike sai na gane abin da ake biyan malami a wata bai kai abin da nake biya na motar makaranta a zango ba. Yaya mai jin yunwa zai yi renon ɗan wani? Ku dubi layin gaban nan. Akwai malamin da ya koyar da yayana, ya koyar da ni, ya koyar da ƙanena. Ya san halin gidanmu kaf, kafin in yi ƙarya ya san irin wadda zan yi. Ba a sayen wannan da na'urar sanyaya ɗaki. Ka tambayi ko malamai suna da shaidar koyarwa, ko suna da rajista da hukumar TRCN, wadda doka ta kafa tun 1993. Kada farar fata ta ruɗe ka, kada kuma baƙar fata ta sa ka raina. Takarda da daɗewa a aiki za ka tambaya. Ka kuma tambaya, in wani yaro ya zalunci wani me ake yi, wa ake gaya wa, akwai ma'aikaciyar jinya ko babu. In amsar ita ce "a nan ba a yin haka", to ka kama hannun ɗanka ku tafi, domin duk mun yi makaranta.

Na ce zan dawo kan yadda ta kaya. Da Babbar Sallar 2023 muka je gida. Mahaifiyata ta hango yaron ta ce, "Oyoyo maigidana, zo ka ba ni kuɗin cefane." Yaro ya tsaya ƙerere, bai durƙusa ba, ya miƙa mata hannu ya gaishe ta da Turanci. Ta dube ni ta ce, "Wannan baƙon daga ina ka samo mana shi?" Aka yi ta dariya a tsakar gida. Ni ban yi ba. Kwana biyar muka yi, kaka da jika ba su yi hirar minti biyar ba sai da tafinta. Laifin nan kuwa ba na makaranta ba ne ita kaɗai. Sun ce mana mu riƙa yi masa Turanci a gida don kada ya ruɗe, mu kuma muka bi, har muna alfahari.

Da muka dawo sai na ɗauki littattafansa na duba a karo na farko. Yaro ya san gobarar Landan ta 1666, ya san a gidan burodi ta tashi. Bai san Kano tana da ganuwa ba, bai taɓa jin sunan Shehu Usmanu ko Sarauniya Amina ba. Ya zana lokutan shekara huɗu, da ganye yana zuba da dusar ƙanƙara, amma bai san damina da kaka da hunturu da bazara ba. Abin da ya ƙara ba ni haushi shi ne, daga baya na gano manhajar Ingila ita kanta ta ba makarantun firamare zaɓin koyar da tarihin daular Benin, ko na Bagadaza a zamanin bunƙasarta. Wato mai yiwuwa yaro a Landan yana karanta tarihin Nijeriya, nawa a Abuja yana haddace titunan Landan. Tsarin IB ma ya ba ɗalibi damar nazarin adabi da harshen uwarsa. Ana koyar da Hausa a jami'a a Beijin da Warso, BBC tana watsa shiri da ita tun 1957, mu kuwa muna biyan kuɗi a cire ta daga bakin 'ya'yanmu. Don adalci, mu ma namu tsarin ya taɓa yin wannan kuskure, domin an yi shekaru babu darasin Tarihi a firamare da ƙaramar sakandare kafin a dawo da shi. Saboda haka a tambaya: ana koyar da harshen gida? Ana koyar da tarihin ƙasar nan? Yaro yana da lokacin salla da wurin yinta, ran Juma'a ƙarfe nawa ake tashi? 'Yan uwanmu Kirista su ma su yi tasu tambayar. Makarantar da ta san aikinta ba ta jin haushin irin waɗannan.

Sai kuɗi. Kun san abin da ya faru a 2023: aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayu, a Yuni aka saki naira ta nemi farashinta. Dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Sai ga takarda daga makaranta, an yi ƙari, dalili wai tsadar dala. Zango na gaba ga wata. A lokacin ne na yi binciken minti biyar ɗin nan da na gaya muku, na duba jerin Cambridge, ban ga sunansu ba. Ashe in yaransu sun kai aji na 11, wata cibiya ake kai su su rubuta. Ba haramun ba ne, amma ba haka aka nuna mana ba. Wurin ninƙayar nan kuwa, sau biyu na san an zuba masa ruwa.

Kuskurena a lissafi shi ne na dubi kuɗin zango ɗaya na ce zan iya. Lissafin gaskiya shi ne shekara 12 ko 13, sau yawan 'ya'yanka, har da waɗanda ba a haifa ba, a haɗa da kuɗin rajista, da tufafi, da littattafai, da mota, da abinci, da tafiye-tafiye, da kuɗin jarrabawar waje wanda ke bin farashin fam. In ka sa na fari, da wane ido za ka dubi na biyu? Mai mata biyu kuma ya san sauran bayanin. A daidai lokacin da mafi ƙarancin albashi ya zama naira 70,000 a 2024, akwai makarantun da kuɗinsu na shekara miliyoyi ne masu yawa. Duk mun san jadawalin albashin gwamnati, ba asiri ba ne.

A nan zan faɗi abin da ban taɓa faɗa a bainar jama'a ba. A makon da wa'adin biyan kuɗin ya cika, wani mai neman a hanzarta masa takarda ya shigo ofishina, da zai fita ya bar ambulan a ƙarƙashin fayil. Na mayar masa, alhamdu lillahi. Amma wallahi sai da na zauna ina kallonta fiye da yadda ya kamata. Na san abin da ke ciki zai biya zangon. Ran nan na tsorata da kaina. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ni kuwa da hannuna na tsaga nawa, ina cewa don tarbiyyar yaro nake yi. A daren na ce wa uwargida ƙarshen shekara za mu cire shi.

Cire shi ya fi sa shi wuya. Ya yi kuka, ya tambaye ni ko laifi ya yi, ko mun talauce ne. Yaro ɗan shekara 8 ya bar abokansa saboda lissafin da ubansa bai yi ba. Wanda bai shiga ba tukuna, ya tuna da wannan.

Kada a fahimce ni a baibai. Ban ce makarantun ƙasa-da-ƙasa duk yaudara ba ne. Na ziyarci wasu daga baya, da ido buɗe, na ga abin da ya burge ni: aji ba ya wuce yara ashirin da 'yan kai, yaro yana tambaya ba ya tsoro, ana sa shi ya yi gwaji da hannunsa ya rubuta abin da ya gani, abin da mu sai a allo aka zana mana. Wanda Allah ya hore wa ta hanyar halal, ya kuma bincika, ya sa ɗansa, ba shi da abin kunya. Ban kuma manta dalilin da ya sa da yawanmu suke tsoron makarantun kwana na gwamnati ba. Bayan abin da ya faru a Ƙanƙara a 2020 da Jangebe a 2021, ba wanda zai zargi uban da ya fara tambayar katanga da masu gadi kafin ya tambayi laburare.

Yanzu yaron yana wata 'yar makaranta kusa da gida, manhajar Nijeriya, babu tutoci. Akwai fili, akwai malamar da ta shekara 11 a wurin. Da yamma yana zuwa Islamiyya. A gida mun koma Hausa, in ban da lokacin aikin gida. Dogon hutun da ya wuce can na kai shi wurin kakarsa, ya bi kawunsa gona, ya dawo da kaushi da karin magana, har yana gyara mini suna irin ciyawa. Bashin asusun ma'aikata kuwa har yanzu ana cira daga albashina.

Saura shekara guda ya shiga sakandare, maganar ta sake tasowa a gidana. Akwai makaranta guda cikin waɗanda na ziyarta da ta cika duk sharuɗɗan da na lissafa muku, sai dai na yi lissafin shekara shida na ga ba tawa ba ce. Akwai wata ta tsakiya da nake kan bincike, na je sau biyu, saura in gana da iyayen da suka cire 'ya'yansu daga can, domin su ne ke da labarin da ba ya cikin littafin talla. Yau da safe kuma, kafin a fara taro, na zagaya gidanmu na kwana, na tsaya a bakin fili na daɗe. Ban yanke shawara ba. Iyayenmu malamai, ku kuka san ni tun ina ɗan aji ɗaya mai kukan gida, ina roƙon in an tashi ku ba ni minti goma.

Shugaban taro, na ga Sakatare yana nuna mini agogo, ƙamshin abinci kuma ya fara shigowa, ga alama yau ba gabza ba ce.  Malamanmu da abokanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.